Ruwan Da Ban Sha Ba

Ran Lahadin da ta wuce, bayan an tashi sujada, ina zaune gindin mangwaron bakin coci na ji ɗayanku yana cewa in aikin ofis ya ƙi samuwa shi haƙar rijiya zai koma, wai ai rami ne kawai, ko jaki aka ba diga zai iya. Kuka kwashe da dariya. Na ji ku sarai, tsufa bai cinye kunnen duka ba. Shi ya sa da shugabanku na matasa ya ce in zo in ba ku labarin sana'ata ban yi masa gardama ba. Sunana Ishaya, kun sani. Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina shiga cikin ƙasa da raina ina fitowa, a unguwannin garin nan, daga Nasarawa zuwa Narayi zuwa Unguwar Boro. To ku gyara zama. Mai maganar jaki kuma ya matso nan gaba inda zan riƙa ganinsa.

Rijiyar farko da na tsaya a bakinta a Nasarawa take, a gidan wani mai gyaran keke. Ina ɗan shekara goma sha tara, sabon zuwa daga ƙauye, kawuna ya kama hannuna ya damƙa wa Malam Hudu, wani Bakatsine mazaunin Makera da ya yi suna a haƙa. Shi Musulmi ni Kirista, abin bai taɓa shiga tsakaninmu ba. In lokacin sallarsa ya yi in jawo shi waje, ran Lahadi kuma ba ya nemana. Wata bakwai ban sa ƙafa a rami ba. Aikina jan bokitin ƙasa, in kai nesa in zubar, in dawo. Da na ƙosa na leƙa na ce, "Malam, ni yaushe zan fara aikin?" Ya ɗago kai daga can ƙasa ya ce, "Kai ɗan nan, ran wa ke hannunka yanzu?" Wanda ke sama shi ke riƙe da ran na ƙasa. Tsakuwa kamar ƙwayar gurjiya in ta suɓuce daga gaba goma, gaba kuwa ita ce tsawon hannuwanka biyu in ka ware su, tana iya fasa kan ƙato. Saboda haka kafin a ba ka diga sai an ga ko kana share bakin rami ba tare da an ce ka share ba.

Digar ma ba irin ta gona ba ce. Ana yanke ƙotarta ta koma tsawon kamu ɗaya, haka shebur, don a cikin rami ba filin da za ka ɗaga hannu ka yi burga. A durƙushe ake aikin, kana juyawa kamar mai niƙa. Igiya kuwa kowace safiya sai ka bi ta da tafin hannu daga kai har gindi, inda ka ji ta yi gashi ka yanke, ba a ɗaurin talala da rai. Kafin sara na farko za ka kafa fegi, ka ɗaura zare, ka zana da'ira. Kullum da safe ka sake dutse a zare daga tsakiya ka ga ko ramin ya karkace, don rijiyar da ta karkace ba ta karɓar ringi, wato zoben simintin nan da ake jerawa ciki ya riƙe bango. Kana sauka kana sassaƙa wa ƙafarka matakai hagu da dama. Wanda ya yi ƙyuyar matakai, ranar da igiya ta ci amanarsa zai gane kurensa.

Akwai wata tsohuwar rijiya a Narayi da aka kira mu yasa, ta shekara a rufe. Malam Hudu ya kunna kyandir ya sa a gwangwani ya zura. Yana kaiwa gaba shida wutar ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa. Mai gidan yana ta faɗa, wai ragwaye ne mu, rana tana yi muna wasa da kyandir kamar 'yan kwaya. Malam bai kula shi ba. Ya sa na saro rassan darbejiya masu ganye, muka ɗaura a igiya, muka yi ta zurawa muna jawowa har azahar, sai da muka kore mugunyar iskar da ta kwanta ciki, kyandir ya kai ƙasa da wutarsa. Iskar nan ba ta da wari ba ta da launi. Na san mutum biyu da suka raina ta, na biyun ya shiga ne ɗauko na farkon.

Ƙasar wannan gefen kogi kuma sai ka karance ta. Jar ƙasa a sama, sai marmara mai cin bakin diga, sai wata fara mai santsi, in ka yi sa'a sai yashi mai sanyi, daga nan idon ruwa ba nisa. A bazara ake haƙa, lokacin da ruwa ya gudu can ƙasa, ka bi shi har inda ya ɓuya. Rijiyar damina maƙaryaciya ce, gaba uku ta cika maka ido, Janairu na yi ta bar ka da laka. Sau nawa na faɗa wa masu gida haka? Wata madam malamar makaranta ta ce mini ita ta karanta jogarafi. Na ce, "Madam, Allah ya ƙara ilimi," na ɗauki digata. Wani ya haƙa mata a watan Agusta, kafin Ista tana sayen ruwa wurin 'yan garuwa.

Amma duk wannan hannu ne, ko mai maganar jaki zai iya koya in ya daure. Dokokin Malam Hudu guda biyu su ne sana'ar. Ta farko, tsakanin rijiya da salga ko sokawe taku talatin, kuma rijiya ce a tudu, ƙazanta a gangare. Ba na gidan da kake aiki kaɗai ba, sai ka hau katanga ka leƙa na maƙwabta, don ruwan ƙasa bai san iyakar fuloti ba. Ta biyu, ranar da aka gama, an kwashe ruwan laka ruwa ya kwanta ya yi garau, sai a tara mutanen gida manya da yara. Mai haƙa ne zai jefa guga da hannunsa, ya cika moɗa, ya shanye a gabansu. Malam ya ce, "Ruwan da ba ka sha ba, ba ka miƙa wa ɗan wani." Da ya tsufa ya koma garinsu ya bar mini kayan aiki, na riƙe al'adar nan gam, har aka laƙaba mini suna Ishaya Sha-Fari. Mata suna gaya wa juna, in Sha-Fari ya sha, ki ba jaririnki. Na ji daɗin sunan nan fiye da yadda ya kamata.

Sai ga shekarar da motocin bohol suka cika Narayi. Abin da muke yi a sati uku, su kwana biyu sun gama sun naɗe tiyo. Duk mai ɗan hali ya koma can. Daga Kirsimeti har Ista ban sari ƙasa ko sau ɗaya ba. Ni da nake da suna, na koma ɗaukar bulo a wurin gini, wani birkila da na haifi kamarsa yana yi mini tsawa. Ƙanena Luka, wanda ke riƙe mini igiya, ya fara maganar komawa ƙauye. Ba na faɗa muku wannan don ku tausaya mini ba. Ina faɗa ne don ku san yunwa ba ta zuwa da ƙaho, da hujja take zuwa, hujja mai kyau kuwa.

Ana cikin haka wani Oga Markus ya aiko kirana. Ya yi ritaya daga masaƙa, ya zuba kuɗin sallamarsa ya gina gidan haya ɗaki takwas a Unguwar Boro, 'yan haya sun riga sun shiga, suna ta ƙorafin ruwa. Ginin ya cinye fulotin kaf, ba inda ya rage sai wani lungu jikin katangar baya. Na tara bulo biyu na hau na leƙa. Ga murfin sokawen maƙwabci can, kuma gidansu ne a tudu. Na auna da ido, na sauko na zaga na auna da ƙafa. Taku goma sha ɗaya.

Na ce, "Oga, nan ba zai yi ba. Sokawe ya yi kusa."

Ya ce, "Haba Baba Ishaya, abeg. Ina kake so in kai ta, kan rufi? Ka jera ringi ka shafe da siminti, me zai shiga? In ba za ka yi ba ka faɗa, akwai wasu yara a Sabo da suka ce gobe ma za su fara."

Na san yaran, ko kyandir ba sa zurawa. Sai zuciya ta ce mini, ai gara kai ka yi da su su yi, kai ko ba komai za ka shafe da kyau. Kun ji hujjar? Har da kamar taimako a ciki. Na ce, "To, Litinin."

A gaba ta biyar na same shi. Ina sara gefen katanga sai na ga ƙasar ta canza, jar ta koma baƙi-baƙi, tana tsattsafo da danshi tun ban kai idon ruwa ba. Na sa yatsa na kai hanci. Ba sai na gaya muku warin mene ne ba. Na zauna a kan dugadugaina ina kallon wurin, faɗinsa bai fi faranti ba. Luka ya leƙo daga sama ya ce, "Yaya, lafiya? Na ji diga ta yi shiru." Ga sama can zagaye kamar faifai, ga kan ƙanena, ba mai ganin abin da nake gani. Da na ce masa jawo ni, da labarin nan ya ƙare a nan. Na ce, "Lafiya lau. Kwaɓo mini siminti mai ƙarfi." Na shafe wurin, na sake shafewa, na yi masa aikin da ban taɓa yi wa wani bango ba. Na kuma san siminti yana tsagewa, ni da na yi shekara ashirin ina ganin tsagarsa.

A gaba tara ruwa ya ɓullo, mai yawa, fari tas. Ranar miƙawa aka taru. Cikin 'yan hayar akwai Saratu, tana zumuntar mata tare da matata a wannan cocin, mijinta Bitrus direban bas ne. Tana tsaye da goyo, 'yarta Rifkatu mai shekara huɗu tana riƙe da zaninta. Na jefa guga, na cika moɗa, na kai baki. Sai na datse leɓɓana. Na ɗaga moɗar ina motsa maƙogwaro, ruwan yana bin haɓata yana shiga riga, sauran na sheƙa a kai kamar zafi ne ya dame ni. Bazara ce, kowa gumi yake, ba wanda ya lura. Aka yi guɗa. Saratu ta ce, "Madalla! Tun da Baba ya sha, shi ke nan, mun huta da 'yan garuwa." Ta karɓi moɗar a hannuna ta ɗebo ta ba 'yarta.

Damina biyu ta wuce. Aiki ya ɗan dawo, don ba kowa ke da kuɗin bohol ba. Na daina bin layin gidan, in aiki ya kai ni Unguwar Boro sai in zaga ta baya. Amma coci ban fasa ba, jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon nan masu tsarki, ban fasa ci ba. Har na tuna wata Lahadi Fasto Yohanna ya yi wa'azi a kan ranar shari'a, yadda Ubangiji Yesu zai zauna ya raba mutane dama da hagu, kuma ba zai tambayi wanda ya fi iya waƙa ko wanda ya fi doguwar addu'a ba, maganar yunwa zai yi da ƙishirwa da ciwo, ya ce duk abin da aka yi wa ƙaramin cikin 'yan'uwansa shi aka yi wa. Kun san abin da na yi? Na gyara zama na ce a raina, in dai maganar ƙishirwa ce ai ni ne a gaban layi, wa ya shayar da mutane kamata a garin nan? Haka mutum yake. Rijiya ɗari suna yi maka shaida, sai ka ɗauka sun isa su toshe bakin guda.

Ranar wata Talata sakataren coci ya zo gidana da safe ya ce an yi rashi, a zo da diga. Mu masu haƙar rijiya mu ake kira haƙar kabari, ba a biya, hidima ce. Na ce wa ya rasu? Ya ce 'yar Bitrus direba, Rifkatu, taifod, kwana tara a asibiti. Na ɗauki diga na tafi maƙabarta. Aka miƙo mini igiyar awo, na shimfiɗa a ƙasa. Ban taɓa haƙa rami mai sauƙi irin wannan ba, ban kuma taɓa haƙa mai nauyinsa ba. Na daidaita kusurwoyin nan huɗu kamar za a zo duba aiki.

Bayan an binne aka koma gidan makoki. Ba yadda zan ƙi shiga. Matan zumunta suna zaune a tabarmi suna waƙa a hankali, rijiyar tana can lungunta da guga a baki. Saratu tana tsakiyarsu, idanu sun kumbura. Da ta gan ni jikina duk jar ƙasa sai ta ce da wata, "Ku ba Baba Ishaya ruwa, ya sha rana. Na rijiyarsa za ku ɗebo, ya fi na randa sanyi." Aka kawo mini. Wannan karon na sha. Na shanye na ce a ƙaro, aka ƙaro, na ce a sake. Na koma gida na kwanta ina jiran ciwo, ina roƙon ya zo. So nake in biya da cikina a wuce wurin. Sati guda ko murɗawar ciki ban yi ba. Ban taɓa jin tsoron Allah kamar a satin nan da nake lafiya ƙalau ba.

Litinin ta biyu na sami Fasto Yohanna a ofis. Na girme shi da shekara goma sha wani abu, amma na zauna gabansa kamar ɗan makaranta na zayyana masa komai, tun daga taku goma sha ɗaya har leɓɓan da na datse. Na ce, "Fasto, gaya mini gaskiya, akwai sauran ceto ga irina?"

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Baba, ba ka haƙa ramin da ya fi hannun Yesu tsawo ba. Ceto kyauta ne. Rijiyoyinka masu kyau ba su saye shi ba, wannan mummunar ma ba ta fi ƙarfin jininsa ba." Na fara sauke numfashi. Sai ya ce, "Amma in tambaye ka. Yau da safe wa ya ja ruwa a rijiyar nan?"

Na ce, "Mutanen gidan."

"Yara nawa ne a gidan?"

Na ƙirga a zuci. "Tara. Har da ƙanen marigayiyar."

Ya ce, "To ka zo nan a wanke ka, rijiya tana can a buɗe. Baba, wannan ba tuba ba ce tukuna, tsoro ne."

Na ce, "In na buɗe baki sunana ya mutu a garin nan. Wa zai ƙara kirana?"

Ya ce, "Wataƙila ba kowa. Amma ranar nan ba da Sha-Fari za a kira ka ba, da Ishaya za a kira ka. Kuma abin da ka shafe da siminti a gaba biyar, a fili za a ajiye shi. Zaɓi ya rage naka, ka tone shi yau da hannunka ko a tone maka."

Na ji haushinsa, gaskiyar Allah. Yaro ƙarami da bai taɓa riƙe diga ba. Na fita ban yi masa sallama ba, na yi kwana huɗu ina gardama da shi a zuci, yara tara kuma suna shan ruwan kwana huɗun nan. Wannan ma yana cikin abin da zan amsa.

Ran Juma'a na je wurin Oga Markus. Ya ce, "Ka haukace ne? Likita ya ce taifod. Taifod a ina ne ba a samu? A abincin makaranta, a ƙanƙarar leda, ko'ina. Wa ya ce rijiyata ce? Kana so 'yan haya su watse?" Abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne, har yau ba wanda zai iya rantsewa ruwan ne ya kashe ta. Mutane da yawa sun gaya mini haka don su sanyaya mini rai. Amma ni ba a kan abin da likita ya sani za a tambaye ni ba, a kan abin da ni na sani ne ranar da na kai moɗa baki.

Asabar da safe na shiga gidan, lokacin kowa yana nan, mata suna wanki a bakin rijiya. Na cire guga daga igiya na riƙe. Na ce a kira mazan. Na faɗa musu abin da na gani a gaba biyar, na faɗa musu ban sha ba. Wata mata ta saki bokiti ta ce, "Yesu!" ta fizge kofi daga hannun ɗanta. Bitrus ya taho ya cakumi wuyan rigata ya haɗa ni da bango, ya ɗaga hannu. Ban kare ba. Maza suka riƙe shi. Yana cewa, "A gabana ka sha! Ina tsaye a nan ka sha!" Saratu kuwa tana bakin ƙofar ɗakinta da ɗanta a hannu, ta juya ta shige ta saki labule.

Kwana huɗu muka yi ni da Luka muna cike ramin. Marmara muka yi ta turowa a baro daga wani fili, muna zubawa muna dannawa. Ba a koya mini cike rijiya ba, ba wanda ake koya wa. Luka bai yi mini magana ba sai a rana ta uku, ya ce, "Yaya, ni na kwaɓa maka simintin." Na ce, "Ba ka san na mene ne ba." Ya ce, "Ai shi ne." Wata gwauruwa a tsallaken layi ta ba da gefen filinta, muka haƙa musu wata, taku arba'in daga kowace salga. Majalisar coci ta sa ni horo, wata shida a bencin baya ba cin jibi, wasunku iyayensu suna tunawa. Sunan Sha-Fari ya koma abin zolaya, shekara biyu sai yasar rijiya da haƙar salga nake samu. Ban mutu ba, ga ni.

Na ji irin gardamar da kuke yi a nazarinku na ran Laraba, wai tun da ta wurin alheri aka cece mu, me ya kawo maganar aiki? Ni ban yi makarantar tauhidi ba, abin da na sani ke nan. Guga ba ya fito da abin da ba ya cikin rijiya. In bangaskiyar tana nan a ƙasa, za a gan ta a abin da hannu ke miƙawa. Kuma kada ku zauna jiran babbar jarraba mai ganga da kakaki, ba haka take zuwa ba. Kai mai gyaran waya, in ka buɗe bayanta mai ita ba ya ganin abin da ka cire. Ke mai aiki a kemis, ke kaɗai kika ga kwanan watan da ke jikin kwalin. Kai mai jaki, na ji an ce birki kake koyon gyarawa, to dariyar ta isa haka. Kowace sana'a tana da gaba biyar ɗinta, inda kai kaɗai ne da Mai gani. A nan ake rubuta abin da za a karanta ranar, ba a bencin gaba na coci ba.

Saura abu ɗaya. Bayan horo ya ƙare, na roƙi Fasto da matata su raka ni wurin Saratu, don tun ranar Asabar ɗin nan ba ta ƙara duban inda nake ba, in mun haɗu a coci sai ta canza ƙofa. Muka same ta tana ɗaure kaya a buhu, za su koma garinsu, Bitrus ya ce ba zai iya zaman gidan ba. Shi da ya gan mu ya fice. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta gaishe da Fasto, ta gaishe da matata, ta zauna. Ni na ƙi tabarmar, na durƙusa a ƙasa, da furfurata, gaban yarinyar da na haifi sa'arta. Na ce, "Maman Rifkatu, ban zo da hujja ba. Ki yafe mini saboda Yesu."

Ta ajiye igiyar da ke hannunta. Sannan ta ce, "Baba, tashi. Ba kyau babba ya durƙusa mini." Na ƙi tashi. Ta ce, "Na yi wata shida ba na iya ƙarasa Addu'ar Ubangiji. In na kai wurin gafara sai bakina ya tsaya. Na gaji. Ni ma ina so in ga fuskar Allah." Ta share ido da bakin zani. "Ruwan da na sha, da wanda mijina ya sha, da na wannan yaron, na yafe. Hawayena ma na yafe, har ga Allah, ba zan tashe shi ranar shari'a ba."

Fasto ya ce, "Amin." Na fara godiya. Ta ɗaga hannu.

"Nawa na yafe, Baba. Na Rifkatu ba a hannuna yake ba. Sai kun haɗu."

Na gaskata jinin Yesu ya wanke ni, a kan wannan nake tsaye, ba ni da wani wurin tsayawa. Amma ban ɗauka wankin ya soke haɗuwar ba. Yarinyar tana can wurinsa, za ta dube ni, ni kuma zan buɗe bakin nan in yi mata bayani da kaina. Na haura saba'in yanzu, gwiwoyin nan sun daina shiga rami. Ba nisa.